Keken Gwanjo da Bushin Tagulla

Shekarar da man fetur ya fi ƙarfinmu na jingine babur a zaure, na sayi keken gwanjo. Ina zaune a Funtua tun ina gyaran injuna a gidan gurzar auduga, kuma da aka sallame mu babu abin da ya rage mini sai gonar gado, can ta wajen Tsiga, a wani lungu da mota ba ta shiga. Dole in je, ko a kan me.

Keken irin na hawan duwatsu ne, mai faɗin taya, da sifirin mai shanye gargada gaba da baya. Na bayan, wanda masu gyara ke kira shokoba, yana kwance a tsakiyar keken, ƙarƙashin sirdi. Saboda shi na saya, don bayana ya daina jure gargada. A kan kwalta kuwa ba ni da ƙorafi, tafiya yake kamar an shimfiɗa mini katifa.

Da na sa aka haɗa masa kariya ta ɗaukar kaya a baya na fara ɗora taki, sai halinsa ya fito. Ni ba ƙaramin mutum ba ne, ga rabin buhu a baya. Keken sai ya duƙa, feda ta sauko kusa da ƙasa. Hanyar gonar kuwa 'yar siririya ce tsakanin kunyoyi, ga tushiyar dawa, ga duwatsu. Ina cikin tuƙi sai in ji ƙwas, feda ta doki wani abu, girgizar ta hau ƙafata har ƙugu. Na ɗaure sifirin iyakar ɗaurewa, bai hana ba. Kullum na dawo gida sai maiɗakina ta ɗora ruwan zafi tun kafin in yi magana.

"Malam, gonar nan ta yi maka nisa," in ji ta. "Ka ba wani ya noma mana."

Na ce mata ba gonar ba ce, keken ne, kuma zan gyara shi.

A waya na ga dabarar. Wani Bature ne a ɗakin aikinsa yana ta zuba bayani. Rabin maganarsa ta wuce ni, amma hannunsa na kalla, na gane. A kowane bakin shokoba akwai wani guntun ƙarfe kamar zobe mai kauri, ana ce masa bushin, noti yana ratsa shi ta tsakiya. Nasa kuwa ramin ba a tsakiya yake ba, an kautar da shi gefe kaɗan. In ka juya ramin ciki, shokoba ta zama kamar ta gajarce, keken ya duƙa, tayar gaba ta miƙe gaba. In ka juya shi waje, keken ya ɗaga, feda ta yi nisa da ƙasa. Shi Baturen duƙar da nasa yake so. Ni ɗagawa nake nema.

Ba a sayar da irinsa a garinmu, amma ina da aboki. Tare muka yi aiki a gidan gurza, ya girme ni, kuma da aka watse, sai ya sayi wani tsohon injin fere ƙarfe ya kafa a rumfa bayan tasha. Na same shi zaune a kan benci, babu wuta, yana korar ƙuda da hularsa. Na cire shokobar na ajiye masa a cinya, na zana abin a ƙasa da tsinke.

Ya daɗe yana kallo. "Wato duk shekarun da muka yi ana zaginmu in rami ya kauce daga tsakiya, yau kai ne ka zo in kautar maka da gangan?"

"Kaɗan fa, Alhaji. Kamar kaurin ƙwayar dawa."

"Ƙwayar dawa ce za ta ɗaga ka da buhunka?"

"A nan kaɗan ne. Kafin ya kai feda ya ninka."

Ya ce ya ji. Ya tono wani guntun tagulla daga cikin tarkacensa, ya ce in dawo in an kawo wuta.

Na yi ta sintiri. Ran da aka kawo wuta, ba ya nan, ya tafi jana'iza. Ran da yake nan, babu wuta. Da aka dace duka biyun, sai na lura da abin da ban sani ba: idonsa ya tafi. Yana kai ma'aunin har bakin hancinsa, ya juya shi wajen haske, sannan ya miƙo mini kamar da wasa ya ce in karanta masa. Na farko da ya fere, ramin ya ci gefe har ya fasa bango. Ya jefa shi cikin gwangwani. Daga nan muka raba aikin, hannu nasa, ido nawa, har muka fitar da guda biyu masu kyau.

Muka ɗaura su ramin yana kallon waje. Keken ya ɗaga, ana gani da ido. Washegari na ratsa kunyoyin nan da kayana feda ba ta taɓa komai ba, har na kama kaina ina 'yar waƙa.

Amma akwai wani rafi kafin gonar, mai gangara da tsakuwa. Nan na ga abin da na biya. Da bayan keken ya ɗaga, tayar gaba ta matso ƙarƙashina, kan keken ya zama mai rawa, ɗan dutse kaɗan sai ya fizge. Nauyina da na takin duk suka taru a wuyan hannuna. Na sauka gangaren ina salati, ƙafa ɗaya tana jan ƙasa. Na ce ba komai, gangara ɗaya ce, zan saba.

Ban kai ga sabawa ba. Wajen tsakiyar damina, ina komowa da yamma ruwa ya jiƙa hanya, feda ta doki wani kututture da na sha wucewa lafiya. Ban san lokacin da na bar sirdi ba. Na faɗa cikin masarar wani da kafaɗa, keken ya biyo ni. Na daɗe a kwance ina kallon ganye, ba don na kasa tashi ba. Kawai ban ji ina son tashin ba ne.

Mai gonar, wani dattijon Bamaguje da muke gaisawa kullum, shi ya zo ya ɗaga keken daga kaina. Ya duba masarar da na karya, ya dube ni.

"Kai da ka ce an gyara dokin naka?"

"An gyara, Baba."

"To Allah ya tsare mu da wanda ba a gyara ba."

Ya raka ni har bakin titi yana tura mini keken.

Da kafaɗar ta yi sauƙi na kwance shokobar, sai na ga bushin biyun sun juya da kansu. Kowace gargada tana matsa su kaɗan kaɗan, har ramin ya koma ciki. Ashe na yi kwanaki ina tuƙa keken da ya fi na da duƙawa ban sani ba.

Na kai wa Alhaji. Ya shafa su da babban yatsa ya ce, "Nauyi ne ya kai su inda ya fi musu sauƙi. Ko ka mayar, za su dawo." Sai ya ce a yi musu 'yar tsaga a saka fil, wato ɗan siririn ƙarfe, ya riƙe. Na ce guda ɗaya za a yi wa haka, ɗayan kuma mu mayar da tsohon mai rami a tsakiya, don gangaren nan ya ishe ni. Tsagar da zarto na yanka ta da hannuna, yana zaune yana gaya mini inda zan tsaya.

Abin da muka samu rabi ne. Feda tana dukan ƙasa, amma ba kullum ba. Kan keken yana rawa a gangara, amma ba kamar da ba. Na koyi tsayar da feda a daidai in zan wuce dutse, a rafin kuma na daina jayayya, sai in sauka in tura. A haka na ƙarasa daminar. Masarata ta yi kyau daidai gwargwado, ni kuwa na rame har wandunana suka yi mini yawa.

Bayan girbi na je rumfar da ɗan buhun masara, na tarar ana ɗora injin a bayan mota. Wani daga Malumfashi ya saya. Alhaji yana tsaye a gefe yana ba su umarnin yadda za su ɗaure shi, suna amsawa ba tare da sun saurare shi ba. Da motar ta tashi muka zauna a bencin. Ya tambaye ni ko fil ɗin ya riƙe. Na ce ya riƙe. Ya ce madalla. Da aka kira la'asar na kama hannunsa muka tsallaka titi zuwa masallaci.

Damina ta gaba na raba gonar biyu. Ɓangaren ƙetaren rafi na ba yaron dattijon Bamagujen nan aro, na riƙe na kusa da hanya. Takin kuma mai kura nake ba ya kai mini, in bi shi a baya da keken babu kaya.