Gadon Wutar Inna

Mahaifinmu magini ne a Boɗinga, kuma da hannunsa ya gina wa Inna gadonta na ƙasa. A ƙarƙashin gadon akwai rami mai baki kamar na murhu. A tura itace da magariba, kafin lokacin barci gadon ya ɗau ɗumi, ya riƙe har asuba. Inna mai tari ce tun ina yarinya, da ɗumin nan take tsallake sanyi kowace shekara.

Shekarar da mahaifinmu ya rasu, tun ba a ji ɗuriyar Nasara a ƙasar nan ba, ina zawarci a gida. Sanyi ya shigo da ƙarfinsa, sai wata safiya tsakiyar gadon ta rufta cikin ramin. Allah ya taimaka Inna ta riga ta fita alwala.

Na kirawo abokin aikin mahaifinmu, wani tsoho da suka daɗe suna gyaran ganuwa tare. Ya duba, ya ce aikin bai taka kara ya karya ba. Sannan ya mayar da hannayensa baya.

"Ɗiyata, ba a taɓa ginin magini bayan rai nai, sai babban ɗa nai ya aza curin hwarko. In na taɓa, hannuna shanyewa za shi yi."

"To, Baba, ni in aza mana."

"Na mace ba shi shiga."

Hannun macen nan shi ya sha ɗebo musu ruwan kwaɓin ƙasa.

Babban ɗan kuwa yayana ne. Ya bar gini ya koma Shagari, yana karatu yana kiwon shanun surukansa. Na bi matan da ke kai albasa can, na same shi a zaure, na ce curin ƙasa ɗaya zai ɗora ya juyo abinsa.

"Wagga bidi'a ta," in ji shi. "Irinta malammai sunka yaƙa. In na aza, na yarda da ita ke nan. Ki ce ma tsohon ga shi ji tsoron Allah shi yi aiki nai."

"Yaya, Inna ba ta barci."

"Ku hura mata wuta cikin kasko."

Na dawo da saƙon. Tsoho ya ce tsoron Allah kam yana ji, amma yana son hannunsa. Ɗaya yana tsaron hannu, ɗaya yana tsaron suna, babu mai tsaron tsohuwar. Na kwaɓa ƙasa da kaina na liƙa, to ba wanda ya taɓa koya mini, tana bushewa ta zube.

Muka koma kasko. In yana ciki hayaƙi ya tayar mata da tari har ta kasa numfashi, in na fitar da shi sanyi ya hau ta daga ƙasa, don a tabarma take kwance. Nakan manna jikina da bayanta, ina jin haƙarƙarinta na motsi. Abin da ya fi ƙona mini rai, ko sau ɗaya ba ta aibata ɗanta ba. In na fara sai ta ce, "Ƙyale shi, malami na." Har yau ban huce ba.

Ba ta ga fitar sanyin ba.

Yaya ya zo, shi ya yi mata salla, ya yi addu'a mai tsawo mutane suna ta yaba muryarsa. Ya kwana a ɗakinta. Da safe ya fito yana rawar ɗari, ya naɗe kai da mayafi.

"Kai, ɗakin ga ba shi kwanuwa! Ɗumamo mini ruwan alwala."

Na ɗebo daga tulun da ya kwana a tsakar gida, na ajiye a gabansa. Na tsaya a kansa har sai da ya tsoma hannu.