Farin Garin Abdulbaƙi

A shekarar 1978 na fara sanin Abdulbaƙi, a tashar motar Jibiya. Ina malamin firamare a lokacin, ban daɗe da barin makarantar mishan ba, inda aka koya mana cewa takalmi mai ƙura abin kunya ne. Shi kuwa ya sauko daga mota da farin gari har a girarsa. Na ce, "Daga injin niƙa?" Ya yi dariya ya ce, "Daga masaƙa, Malam. Wannan garin ba ya tuwo."

Aikinsa a wata masaƙa a Kaduna shi ne kwaɓa wannan gari da ruwa, ya shafe tukwanen tururi da bututansu don kada zafi ya fita. Asbesto ake ce masa. Idan tsohon shafe ya tsage, su kankare shi a bushe, ba abin rufe hanci. Ya ce da yamma akan ba su madara, wai tana wanke ƙirji.

Duk hutu yakan zo da ragowar garin a buhu, abin alfaharinsa, domin wuta ba ta cin sa. Shekarar da gobara ta lashe madafin matata Hajo, shi ya zo da kansa ya shafe mana bangon bayan murhu da ƙasan rufi. Ya yi fari tas. Matan unguwa suka riƙa zuwa kallo.

Da masaƙar ta rufe sai ya dawo gida, ya kafa rumfa a Magama, kusa da shingen kwastan, yana sayar wa direbobin Maraɗi igiya da tamfol. Matarsa Safara'u ce ta fara tari. Ita ce mai kakkaɓe kayan aikinsa kafin ta wanke, shekara da shekaru. Ta rasu, ba su bar ɗa ba. Bayan nan nasa tarin ya taso, busasshe, ba ya jin magani.

Mutane suka ce tarin fuka ne, ya kashe matar, yanzu saura na kusa. Mai shayi ya ware masa kofi, ya ɗaura masa jan zare. A masallaci gefensa kan yi fili. Da aka rufe iyaka, motoci suka ɗauke, sai ya zama daga shi sai igiyoyinsa da awaki masu ratsa kwalta.

Ni na raka shi asibiti a Katsina. Likita ya duba hoton ƙirjinsa, ya tambayi aikin da ya yi a da. Ya ce wannan ba ya yaɗuwa daga mutum zuwa mutum. Ƙurar ce ta maƙale a huhu, takan yi shekara talatin kafin ta nuna kanta, kuma ba ta fita. Na faɗa wa mutane, ba wanda ya yarda. Don haka kullum bayan la'asar nakan je rumfarsa, in karɓi kofi mai jan zare in kurɓa.

"Malam, za su ware maka naka kofin fa."

"Su ware. Dama nasu ba ya wankuwa."

Wata rana na zo da jikata Mufida, wadda muke riƙo, shekararta shida. Ta ciro wani farin ɓarɓashi daga aljihu tana zana masa mota a kan benci. Ya kama hannunta.

"Amaryata, ina kika samo allin nan?"

"A madafin Kaka. Bangon yana zuba."

Bai sha shayinsa ba ranar. Na ce zan nemi magini. Ya ce, "Maginin ba shi da huhu ne? Duk wanda ya taɓa shi sai ya shaƙa." Na ce to, bari in yi tunani. A lokacin ba ya iya zuwa masallaci sai ya tsaya a hanya ya dafa bango.

Mako na gaba na tafi Katsina tantance 'yan fansho, Hajo da Mufida suna Bugaje wajen suna. Da na dawo, na tarar madafi ba fari ko kaɗan, sai ɗanyen yaɓe na jar ƙasa. Maƙwabciyarmu Hasiya ta ce tun da hantsi Abdulbaƙi ya zo da jarkokin ruwa a kura. Ya jiƙe bangon sharkaf, ya riƙa ɓamɓarowa yana zubawa a buhu, ya yi kaɗan ya zauna yana haki. Ya hana kowa shiga. Sai da ya binne buhunan a rami bayan gari, tare da rigar da ya yi aikin da ita, sannan ya kira magini.

Na same shi a rumfa, a kishingiɗe kan tamfol, leɓensa ya yi duhu.

"Abdulbaƙi, me ka yi haka?"

Ya daɗe kafin numfashi ya ba shi dama.

"Ni na sa, ni na cire. Nawa ƙirjin ya riga ya cika, ba inda sabo zai zauna." Ya turo mini kofin da yatsa. "Sha, Malam, yana hucewa."

Bai ga daminar bana ba. Mufida yanzu da gawayi take zana motocinta.