Dinya talatin da na sawo a Dole Kaina

Shekarun baya na zuba duk jarina a kan dinya talatin, manyan agwagin dajin nan da ke sauka a fadamun bakin kogin Kwara idan shinkafa ta nuna. Wata mai gidan abinci a Birnin Kebbi ce ta ce in kawo mata masu kitse. Idan na cika alkawari, ni ne mai kawo mata kaya daga ranar.

Na tsallaka Dole Kaina wurin maharban ƙasar Benin da ke kama su da raga. Na ɗauka sanin kaji ya ishe ni. Ina ɗaga kowace ta ƙafa, in na ji nauyi sai in ce a sa a kwando. Har ina ganin na yi wa mutanen Benin wayo.

Da na iso gida Bagudo, mahaifiyata ta jawo guda, ta cusa yatsa cikin gashin ƙirjinta.

"Ɗan nan, mi ka sawo haka? Taɓa nan."

Na taɓa. Ƙashin ƙirjin a tsaye kamar bakin wuƙa.

"Inna, ai da nauyi."

"Nauyin shinkafar mutane dai. Wagga jiya tas sauka, tafiya ta cinye ta. Gashi ka biya wa kuɗi."

Ta hura gashin cikin, fata ta bayyana ja. Ta ce mai kitse rawaya za ka gani, ƙashin kuma sai ka lalube shi.

Na ce ba komai, zan yi musu kiwon mako biyu. Na zuba gero, na kawo dusa. Ashe tsuntsun daji ba ya cin abinci a ɗaure. Suka taru a kusurwa suna kallon sama, ni kuma ina tsugune ina lallashinsu.

Har yau ba na ganin laifin maharban. Ba su ce mini tsuntsayen na da kitse ba. Ni ne ban tambaya ba, don kada a gane baƙo ne ni a harkar. Yanzu ko zakara zan saya, yatsana ke fara ciniki.

Takwas suka mutu. Sha tara na sayar a kuɗin kaza, uku muka ci a gida. Mai gidan abincin ta samu wani, kuma har yau shi ke kai mata.