Mai gyaran agogo da maƙalar sikalof

Yayanmu mai gyaran agogo ne, kuma bai taɓa ganin teku ba. Ko kududdufi ya gani a hanya sai ya kewaye. Amma yau idan ka buɗe kundin sanin nan na intanet, wanda kowa ke iya rubutu a ciki, ka nemi bayanin kamun sikalof, yawancin abin da za ka karanta daga shagonsa ya fito, daga wata tsohuwar kwamfuta da ke tsakanin kwalaben sukurori.

Sikalof wata halittar teku ce mai ɓawo biyu kamar mafici, farin naman cikinta ake ci. Mu ma ba mu san da ita ba sai da Autanmu ya ajiye madubin ido da ɗan hantsaki, ya bar shagon da Baba ya bar musu, ya tafi aikin jirgin kamunta. Ranar tafiyar Yaya ya faɗa masa maganganun da ba zan maimaita ba. Shekaru suka shuɗe ba sa magana. Ni ce a tsakiya, wannan ya ce “yana lafiya?”, wancan ya ce “yana nan?”, har abin ya ishe ni.

Yaya mutum ne da ba da haƙuri ke masa wuya kamar cire haƙori. Maimakon ya kira yaron, sai ya dinga karatu a kan aikinsa. Idan ba ciniki, yana gaban kwamfuta. Ya gano yadda jirgi ke jan wata raga ta zoben ƙarfe a ƙasan teku, da yadda ake zazzage ta a bisa jirgi a tsince. Da ya ga bayanin da ke kundin bai fi layi uku ba, sai ya zage ya cika shi.

Wata rana na kai masa abinci na tarar ya sha kunu. Wata mai bitar rubutu, wadda ba mu san ko fuskarta ba, ta bar masa sharhi. Na leƙa na karanta. Ta yaba aikin sosai, sannan ta ce ta cire jimla ɗaya: “Aiki ne na wahala da babu mai hankalin da zai bar sana'ar gidansu dominsa.” Ta ce wannan ra'ayi ne, kuma da alama da wani ake. Na yi dariya har da riƙe ciki.

Ya ce, “Ke, ajiye kwanon ki tafi.”

Na ce, “Yaya, matar nan ba ta san ka ba, amma ta gama karanta ka.”

Sharhin bai ƙare a nan ba. Ta ce ya yi bayanin jirgi da ƙarfe da kyau, amma babu mutane a ciki. Wa ke buɗe ɓawon? A jirgi ko a tudu? Ta ba shi shawara ya tambayi wani mai aikin, ko zai nuna masa inda zai sami rubutacciyar madogara.

Kwana biyu yana ta ƙunƙuni, yana cewa littattafai sun ishe shi. Littattafan kuwa ba su ba shi abin da yake so ba. Sai ga shi ya ce in ba shi lambar Auta.

Ya ce, “Ba don komai ba, don maƙalar ce.”

Na ce, “Wa ya ce don wani abu ne?”

Ina tsaye ya kira. Ko gaisuwa bai yi ba.

“Kai, a tsaye kuke buɗe ɓawon ko a zaune?”

Na matso kusa da wayar. Can na ji muryar Auta: “A tsaye, Yaya. Cikin jirgi, da wuƙa.”

“A tsaye? Da wannan gwiwar taka da ka karya wajen ƙwallo?”

Ni dai na fita waje na yi kukana. Wani da ya kawo agogon bango ya gaji da jira ya tafi.

Washegari Yaya ya ƙara bayanin, a wurin madogara ya rubuta: “Ƙanena ne ya faɗa min.” Mai bita ta sake cirewa. Ta ce ta ji daɗi ƙwarai, amma kundin ba ya karɓar maganar baki, sai ta haɗa shi da wani rahoto da ya faɗi abu ɗaya. Na zaci zai tayar da jijiyar wuya. Ko a jikinsa.

Yanzu duk lokacin da jirginsu Auta ya dawo tudu, Yaya na kira da tambaya guda. Yaya ake jera buhunan nama a ƙanƙara? Me ake yi da ƙananan da ba su isa kamu ba? Daga nan hira ta zarce zuwa gwiwa, da abinci, da yaushe zai leƙo gida.

Rannan na ce masa, “Yaya, ka haɗa tambayoyin nan duka ka gama maƙalar mana.”

Bai ɗago daga agogon da yake gyarawa ba. Ya ce, “In na yi masa su duka yau, in ya dawo wani jiƙon me zan kira in ce masa?”