Talo-talo Mai Shuɗin Kai

Ban taɓa mantawa da ranar Talatar da aka kawo mana baƙon tsuntsu ba. Lokacin ina aikin hutu a wani ƙaramin gidan namun daji a gefen Mubi, bayan na gama aji biyar. A muƙami ni ne na ƙarshe. Ko kunkurun gidan ya fi ni daraja. Sama da ni akwai Baba Ishaya, shugaban masu kiwo, sama da shi kuma manaja.

Dokar gidan ita ce, duk sabon tsuntsu sai ya yi mako biyu a keji shi kaɗai. In aka ga alamar cuta, a yanka shi a ƙone kafin ya shafa wa sauran.

Daga wani gidan namun daji na Kamaru aka aiko shi. Da muka buɗe akwatin, sai ga wani abu mai ƙirar talo-talo, jela kamar ta ɗawisu, kai shuɗi fes, ga wasu ƙuraje jajaye sun fito masa ɓaro-ɓaro.

Baba Ishaya ya ja da baya. "Wannan kaza ba shi da lafiya. Kawo wuƙa, Sadiƙu."

Na ce, "Baba, halittarsa ce! Na taɓa ganin irinsa a waya."

"Kai da ka ce ka ga kada yana cin rake a bakin kogi?"

Gaskiya na faɗi haka. Na kuma taɓa gaya wa 'yan makaranta cewa jiminarmu ta je Makka sau biyu. Ranar da na zo da gaskiya, babu mai saye.

Aka kira likitan dabbobi, ya ce ruwan sama ya tare shi a Kolere, hanya ta lalace. Aka kira manaja, ya ce a bi doka. Baba ya zauna yana wasa wuƙa a dutse, tsuntsun kuma yana kallona kamar ni na haife shi. Na duba waya, babu data.

Can na hango takarda manne a ƙasan akwatin, da hatimi, amma duk Faransanci. Faransancina kuwa bai wuce "bonju" ba. Na ce, "Baba, minti biyar don Allah." Ya ce, "Uku."

Na ruga bakin ƙofa wurin Inna Saratu mai ƙosai, wadda ta yi makaranta a tsallaken iyaka, can Kamaru. Na janyo ta da matsami a hannu.

Ta goge hannu a zane, ta karanta a hankali. Ta ce takardar likita ce: talo-talon daji ne daga ƙasar Meziko, lafiyarsa ƙalau, kuma an rubuta musamman cewa ƙurajen kansa ado ne, kada a ɗauka cuta ce.

Baba ya dubi wuƙar, ya dubi tsuntsun. Ya ce, "To, yau ka yi gaskiya. A rubuta a allo."

Inna ta ce, "Ƙosaina ya ƙone, wa zai ci?" Ni na ci.

Tun ranar na koyi abu biyu a aikin nan: a karanta takarda kafin a wasa wuƙa, kuma ma'aikaci ya riƙa rage ƙarya, don wata rana ran wani zai rataya a bakinsa. Na rage sosai. Yanzu jimina sau ɗaya ta je Makka.