Ranar da muryar abokin aikina ta dishe

Shekarun baya, ina ɗauko wa wani gidan rediyo rahoto daga Kaura Namoda. Rana ɗaya aka ɗauke mu aiki, ni da wani abokina. Shi aka kira wakili, har da kuɗin man babur. Ni kuwa "mai taimaka masa", albashina ko kusa da nasa bai kai ba.

Abin dariyar, yawancin labaranmu a cikin gidaje suke, gidajen kuma ba shiga. Sai ya miƙe ƙafa a zaure ana kawo masa fura, ni ina ciki da rikoda ina lallashin mata su buɗe baki. Da yamma shi zai karanta rahoton, da muryarsa da sunansa.

Mahaifiyata a Banga ba ta rabuwa da rediyo. Duk zuwan da na yi sai ta ce, "Wai ke aikin mi kike yi can? Kullum muryar yaron ga nike ji. In shara kike musu ki hwaɗa min, ba abin kunya ba na." Ina dariya, amma abin yana ci na. Na taɓa yi wa abokin nawa ƙorafi a hanyar Zurmi, ya ci gaba da tuƙa babur ɗinsa kawai, har na ƙullace shi.

Wata rana mun dawo daga Shinkafi da rahoto kan matan da ke haihuwa ba ungozoma, sai ya kira shugabanmu yana magana da ƙyar, wai mura ta shaƙe masa murya. Dole aka ce in karanta. Na fara da in-ina, amma na kai ƙarshe na faɗi sunana.

Washegari na tarar da shi a kasuwar hatsi yana cinikin gero, murya kamar ta ladani.

"Ashe ka warke?"

"Zuma na sha," ya ce, ko kunya babu.

Albashin dai sai da muka yi ta kai ruwa rana kafin ya matso, kuma har na bar wurin bai kamo nasa ba. Wannan yana yi min ciwo har yau. Amma ban manta mutumin da ya ara min kujerarsa ba, ya kuma ƙi yarda in yi masa godiya.

Ranar da na karanta rahoton, mahaifiyata ta zaga maƙwabta da rediyo a hannu. Da na gaya mata rashin lafiyar abokina ce ta sa aka ba ni, sai ta ɗaga hannu ta ce, "Allah shi ba shi lahiya, amma ba da gaggawa ba."