Aldona, Bakin da Ba Ya Haɗiye Magana

Shekara ashirin da shida Aldona tana shiga jirgin fiton ƙarfe bakwai da gorar kofi a jaka, ta tsallako garinmu ta zauna tsakaninmu 'yan Norway da 'yan ƙasarta Lithuania masu aikin kifi. Tafinta ce. Ta taɓa gaya mini cewa sunan aikin nata daga tsohon Latin ya fito, wai mai tsayawa tsakanin masu ciniki. "Kin ga ke nan dillaliya ce ni, Torunn, sai dai ba na ɓoye wa kowa farashi."

Ƙa'idarta ɗaya ce, kuma takan faɗe ta kafin kowa ya buɗe baki: duk abin da aka furta a ɗaki, sai ta juya shi zuwa ɗaya yaren.

Ni ce ma'aikaciyar jinya ranar da mai bincike ya zo jin bahasin Gintaras, wanda injin yanka kifi ya cire wa yatsu biyu. In laifinsa ne, kora ce, ga 'ya'ya uku. Shugaban aikinsu, Rimantas, ya shigo da furanni. Ya sunkuya yana gyara masa matashi, yana murmushi, yana magana ƙasa-ƙasa da yarensu. Ni sakarya har na ɗauka addu'a yake masa.

Aldona ba ta ko ɗaga kai ba, ta juya mana: "Ka ce kai ka cire murfin injin, in ba haka ba kai da matarka ku haɗa kaya."



Rimantas ya daka mata tsawa. Ita kuwa ta juya mana tsawar ba tare da ta sauya murya ba: "Ke, wa ya aike ki? Munafuka, mai sayar da 'yan gida!"

Mai bincike ya tambayi Gintaras wa ya cire murfin. Gintaras ya dubi Rimantas, ya dubi Aldona.

"Wata uku ke nan babu murfi," in ji shi. "Sun ce yana rage sauri."

Gintaras ya tsira da aikinsa. Aldona ce ta biya: kamfanin kifin bai sake kiranta ba, wasu 'yan ƙasarta kuma shekara biyu ba su amsa gaisuwarta ba.

Ke ce gadar da kowa ya taka ya wuce bai waiwaya ba, Aldona. Mun gode. Masu tasowa a wannan aiki, ku koyi riƙon amanar maganar da ba taku ba, ko da za ta ƙona muku baki.

Ran Juma'a aka yi mata walimar ajiye aiki. Gintaras ya miƙe, ya ɗaga hannunsa mai yatsu uku, ya yi mata doguwar magana da yarensu. Duk muka juya gare ta kamar yadda muka saba. Ta share ido, ta ce, "Wannan kam ku bar mini abina."